Tambayoyin Masu Karatu: Tsaron Gida da Inshora Kafin a Karɓi Makulli

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk daga masu shirin sayen gida suke, ko waɗanda suka saya ba su daɗe ba. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa kammala cinikin gida, kuma bankin da zai ba ni rance ya ce ba zai saki kuɗin ba sai na yi wa gidan inshora. Shin kuɗin da na sayi gidan zan rubuta a takardar, kuma daga wace rana ya kamata inshorar ta fara aiki? Daga Malam S. A.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa ka shiga a sa'a. Kuɗin da ka sayi gida da kuɗin da ya kamata ka yi masa inshora abubuwa biyu ne daban, kuma a nan ne masu saye da yawa suke fara kuskure. A cikin kuɗin saye akwai darajar fili, akwai darajar unguwa, akwai kusanci da hanya da makaranta da sauransu, alhali gobara ba ta cin fili, guguwa kuma ba ta ɗauke unguwa. Abin da kamfanin inshora yake so ya sani shi ne nawa za a kashe a sake gina gidan daga harsashi idan ya lalace ƙurmus, wato kuɗin rushe abin da ya saura, da kwashe ɓaraguzai, da ladan mai zane da injiniya, da kayan gini, da kuɗin ma'aikata. Wannan adadi yana iya zama ƙasa da kuɗin saye idan gidan yana unguwa mai tsada, yana kuma iya zarce shi idan gini ne mai wuyar aiki a wurin da fili ke da araha. Wanda zai fitar maka da shi daidai shi ne ƙwararren mai ƙiyasin kuɗin gini, ba dillalin da ya haɗa cinikin ba.

Dalilin da ya sa nake jan kunne a kan wannan shi ne wata ƙa'ida da ke cikin yarjejeniyoyin inshora da yawa, wadda mutane ba sa sanin da ita sai ranar karɓar diyya. Ƙa'idar ta ce idan ka yi inshorar gida a ƙasa da ainihin kuɗin sake gina shi, to kamfanin zai rage diyyar kowace asara gwargwadon giɓin da ka bari. A ce sake gina gidan zai ci 100, kai kuma ka yi inshorar 60 domin ka rage abin da kake biya duk shekara, sai wuta ta tashi a kicin ta yi ɓarnar da gyaranta zai ci 20. Kai za ka ɗauka tunda 20 bai kai 60 ba za a biya ka duka, amma kamfanin zai ce kashi 60 cikin 100 na gidan kawai ka kawo masa, don haka kashi 60 cikin 100 na asarar zai biya, wato 12, sauran 8 kuma daga aljihunka. Ƙara adadin ya wuce kima shi ma ba shi da amfani, domin inshorar dukiya an gina ta ne a kan mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba za a ba shi fiye da abin da ya rasa ba ko nawa ya riƙa biya. Kuma tunda kuɗin kayan gini ba ya tsayawa wuri ɗaya, adadin da ya dace bana yana iya gazawa baɗi, saboda haka a riƙa duba shi duk lokacin sabunta yarjejeniya.

Game da ranar farawa, wannan ya dogara ga dokar ƙasar da gidan yake da kuma abin da aka rubuta a takardar ciniki. A Ingila, misali, alhakin gidan yakan koma kan mai saye tun ranar da ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, wanda ke iya zama makonni kafin ya karɓi makulli. Ka tambayi lauyanka kai tsaye wace rana asarar gidan take zama taka idan wani abu ya same shi, inshorarka ta fara daga wannan ranar. Kada ka dogara da inshorar wanda ya sayar maka, domin da sunansa aka yi ta, ba ta biyo gida zuwa hannun sabon mai shi haka kawai.

Akwai kuma abin da bankin ba lallai ya faɗa maka ba. Shi ginin yake karewa, saboda shi ne jinginar kuɗinsa. Kujerunka da firiji da tufafi da sauran kayan ɗaki ba sa cikin inshorar gini, suna da tasu daban, ko da yake kamfanoni da yawa suna haɗa biyun a takarda ɗaya. Ka kuma buɗe shafin da aka jera abubuwan da inshorar ba ta ɗauka ba, ka fara karanta shi kafin shafin alkawura. Ambaliyar ruwa tana yawan kasancewa a wannan shafi. A Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya, shi ya sa gwamnatin ƙasar ta kafa wani shiri na musamman dominta a 1968. Kafin ka biya kuɗin gida, ka dubi ƙasan bango da kyau: sabon fenti da ya tsaya daidai gwiwa, farin gishiri da ke fesowa daga siminti, ƙasan ƙyauren katako da ya kumbura, duk alamu ne na gidan da ruwa ya saba shiga. Maƙwabta sukan faɗi abin da mai sayarwa zai yi shiru a kai.

Tambaya: Gidan da muke shirin saye akwai ƙararrawar ɓarayi da kyamarori da tsohon mai shi ya sa. Dillali ya ce wannan zai sa kuɗin inshora ya ragu sosai. Gaskiya ne? Daga Hajiya R. M.

Amsa: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai bai kai ta ƙarshe ba. Kamfanoni da dama suna yin ragi ga gidan da ke da ƙararrawa, musamman wadda ke haɗe da cibiyar masu sa ido, amma ragin galibi ba mai yawa ba ne, kuma yana zuwa da sharaɗi. Duk abin da kika rubuta a fom ɗin neman inshora yana zama ɓangare na yarjejeniyar. Idan kika ce gidan yana da ƙararrawa mai aiki, kamfanin zai iya sharɗanta cewa a kunna ta duk lokacin da aka bar gida babu kowa, a kuma riƙa kiran masu gyara su duba ta lokaci zuwa lokaci. Ranar da aka fita a gurguje aka manta ba a kunna ba, ɓarawo kuma ya shiga, kamfanin yana da hujjar rage diyya ko ma ƙin biya, gwargwadon abin da takardar ta ce da dokar ƙasar. A nawa ganin, gidan da ke da yara da baƙi da masu aiki, kowa na shiga da fita a lokacinsa, gara ya haƙura da ɗan ragin nan ya biya cikakken kuɗi, da ya ɗaura wa kansa sharaɗin da ya san ba zai iya kiyayewa kullum ba. Ƙararrawar za ta ci gaba da amfaninta, sai dai diyyarku ba za ta rataya a kanta ba.

Kafin ma a kai ga inshora, sai an tabbatar na'urorin suna aiki, kuma na wane ne. Akwai ƙararrawar da aikinta kawai ta yi kuwwa, akwai wadda ke aika saƙo zuwa wayarki, akwai kuma wadda ke sanar da wata cibiya da ke da ma'aikata dare da rana. Ta ukun nan biyan kuɗi ake yi wata-wata ko shekara-shekara, kuma yarjejeniyar tana tsakanin kamfanin tsaron da tsohon mai gida ne. Idan ya tashi, ko dai ta yanke, ko kuma a gano cewa kayan ma haya ne, kamfanin zai zo ya kwance abinsa. Ki nemi a nuna miki takardun saye da na gyara, a rubuta a takardar ciniki cewa na'urorin suna cikin abin da kuka saya.

Aikin waɗannan na'urori ba shi da wani sirri. A jikin ƙofa ko taga akwai ɗan maganaɗisu, a jikin firam ɗinta kuma akwai wani ɗan makunni, da zarar an buɗe suka rabu sai ƙararrawa ta tashi. Tun 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Pope ya yi rajistar ƙararrawar ɓarayi mai aiki da lantarki wadda ke kaɗawa idan an buɗe ƙofa ko taga, kuma har yau dabarar ba ta canza sosai ba. Ɗan farin akwatin da ake liƙawa a kusurwar ɗaki kuwa motsin zafin jiki yake ganewa, shi ya sa idan aka sa shi yana fuskantar tagar da rana ke bugawa, ko a ɗakin da kyanwa ke kwana, zai riƙa tayar da mutane ba dalili. Ƙararrawar da ke yawan yin ƙarya ta fi kowace haɗari, domin bayan ɗan lokaci maƙwabta sukan daina leƙowa, masu gida kuma su gaji su kashe ta. Ki sa a gwada kowace ƙofa a gabanki, a kuma yanke wutar gidan a ga ko batirin da ke cikin akwatin zai riƙe ta, saboda batiran nan suna mutuwa bayan wasu shekaru ba tare da kowa ya lura ba.

Ranar da kuka karɓi gida, a canza lambobin sirrin ƙararrawar duka, har da wadda mai haɗa na'urar ke amfani da ita, sannan a canza makullan ƙofofin waje. Ba zargin kowa ake yi ba. Tsohon mai gida da kansa ba lallai ya iya tuna mutum nawa ya taɓa ba makulli ba, daga ɗan haya zuwa mai fenti zuwa ɗan uwa da ya taɓa kwana biyu. Wannan ya shafi inshora kai tsaye, domin yarjejeniyoyi da yawa ba sa biyan diyyar sata sai in akwai shaidar an ɓalle ƙofa ko an fasa taga ko an shiga da ƙarfi. Wanda ya buɗe da makulli ya kwashi kaya ya rufe bai bar irin wannan shaida ba.

Tambaya: Kuɗina ba za su isa in sa komai lokaci ɗaya ba. In fara da kyamara ko da ƙararrawa? Daga Malam I. B.

Amsa: Ka fara da ƙofa, Malam. Ƙyaure mai ƙarfi, firam da aka kafa da kyau a cikin bango, makulli mai inganci, da fitila a duk lungun da mutum zai iya laɓewa, su ne ke ɓata wa ɓarawo lokaci, kuma lokaci da haske su ne abin da ya fi tsoro. Bayan su ƙararrawa, sannan kyamara. Kyamara shaida ce, tana nuna maka abin da ya riga ya faru, kuma idan aka ɗora ta can sama kusa da rufi, abin da za ka samu shi ne hoton hular mutum. A sa ta inda za ta ɗauki fuskar mai shigowa, a ɓoye akwatin da ke adana hotunan a wurin da ba za a ɗauke shi tare da talabijin ba, kuma kada a juya ta tana leƙa cikin gidan maƙwabci, domin ban da cin haƙƙin maƙwabtaka, a ƙasashe da yawa doka ma ta hana. Idan mai haɗawa da intanet ce, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja da ake kira Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin intanet a faɗin duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da masu su ba su taɓa canzawa ba.

Tambaya: Ina da shakku kan halaccin inshora, amma ina tsoron barin gidan da na tara wa kuɗi shekara da shekaru ba tare da kariya ba. Akwai mafita? Daga Alhaji M. D.

Amsa: Ranka ya daɗe, wannan fili ba na fatawa ba ne, hukuncin sai ka koma ga malaman da ka amince da iliminsu, amma zan iya bayyana maka yadda lamarin yake. Malaman da suka hana inshorar kasuwanci sun kafa hujja da abubuwa uku: rashin tabbas a cikin cinikin, tunda mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba ko nawa zai karɓa, da kamanceceniya da caca, da kuma juya kuɗin a harkokin da ke da kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke matsaya a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta yarda da inshorar taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta da haɗin kai. Ita ce ake kira takaful. Kamfani na farko irin wannan an kafa shi ne a Sudan a 1979, Malesiya kuma ta yi masa doka ta musamman a 1984, yanzu ana samunsa a ƙasashe da yawa.

A takaful, abin da kake biya gudummawa ce zuwa asusun mahalarta, daga nan ake biyan wanda asara ta samu. Kamfanin wakili ne mai kula da asusun, yana karɓar ladansa ko wani kaso na ribar juya kuɗin a harkokin halal. Idan asusun ya yi rara ana iya raba wa mahalarta, idan ya gaza kuma kamfanin yakan ranta masa ba tare da kuɗin ruwa ba, akwai kuma kwamitin malamai da ke sa ido. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sharuɗɗan da muka ambata a sama ba sa faɗuwa don an koma takaful. Ƙiyasin kuɗin sake gini, faɗin gaskiya a fom, kiyaye abin da ka yi alkawari game da makullai da ƙararrawa, duk suna nan, kuma ana iya hana ka diyya idan ka saɓa musu. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar da ke kula da inshora a ƙasarka, kuma bankin da ka ci bashinsa, in akwai, ya amince da takardarsa.

Tambaya: Duk tagogin gidan da muka saya an datse su da ƙarfe, hankalina ya kwanta ta fuskar ɓarayi. Mijina kuma ya ce abin yana ba shi tsoro saboda gobara. Wa ke da gaskiya? Daga Malama H. Y.

Amsa: Maigidan ya yi tunani mai kyau, Malama. Ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana yaro fita ranar da hayaƙi ya toshe ƙofar falo. Mafita ba cire ƙarafan ba ce, a sa maƙeri ya mayar da na taga ɗaya aƙalla a kowane ɗakin kwana ya zama mai buɗewa daga ciki, a ajiye makullinsa a wuri sananne kusa da tagar inda hannun na waje ba zai kai ba, kuma kowa a gidan ya gwada buɗewa da hannunsa har ya iya yi a cikin duhu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masu sayen gida sukan kashe kuɗi mai yawa a kan tsoron ɓarawo su manta da wuta, alhali ɓarawo yana ɗaukar abin da zai iya ɗauka ne, wuta kuwa ba ta zaɓe. Inshorar gida ma daga gobara ta samo asali: bayan babbar gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje sama da 13,000, aka fara kafa kamfanonin inshorar gobara a birnin, cikinsu har da wanda Nicholas Barbon ya buɗe a farkon shekarun 1680. Na'urar gano hayaƙi tana cikin mafi arahar kayan tsaro, kuma ita ce ke tayar da mai barci tun kafin hayaƙi ya galabaitar da shi. A liƙa ta a silin, a kowane hawa na gidan da kuma kusa da ɗakunan kwana, a danna maɓallin gwajinta sau ɗaya a wata, a canza ta gaba ɗaya bayan shekara 10, ana ganin ranar da aka ƙera ta a rubuce a bayanta. Gidan da ake amfani da gas ko gawayi ko janareta yana buƙatar wata na'urar daban mai gano iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutane cikin barci. Janareta kam a waje ake kunna shi, nesa da ƙofofi da tagogi. Sannan tunda gidan ba ku kuka gina ba, a kira ƙwararren mai aikin lantarki ya duba wayarin tun daga mita har soket na ƙarshe, ya ba ku rahoto a rubuce. Baƙin tabo a jikin soket, ko makunnin da ke ɗaukar zafi, ko wayoyin da aka haɗa da salatif a cikin silin, abubuwa ne da ake gyarawa kafin a kwana a gida.

Tambaya: Na sayi gida amma ba zan tare ba sai bayan wata huɗu saboda gyare-gyare. Inshorar da na yi tana aiki a wannan lokacin? Daga Malam U. K.

Amsa: Ba lallai ba ne, Malam, ka duba takardarka yau. Yarjejeniyoyi da yawa suna janye wani ɓangare na kariyarsu, musamman ta sata da ɓarnar ruwan famfo, idan gida ya zauna babu kowa fiye da kwana 30 ko 60 a jere. Babban gyara, kamar fasa bango ko canza rufi, shi ma abu ne da ake sanar da kamfani kafin a fara, domin ya canza yanayin haɗarin da aka yi yarjejeniya a kai. Ka rubuta musu, ka ajiye amsarsu a rubuce, wataƙila su ƙara maka kuɗi kaɗan ko su sharɗanta a riƙa zagaya gidan duk mako.

Idan ka zo tarewa, ka ɗauki wayarka ka bi ɗaki-ɗaki kana ɗaukar hoton kaya, ka buɗe durowa da kabad, ka ɗauki lambar da ke bayan talabijin da kwamfuta da firiji, ka haɗa da rasitai, ka ajiye kwafinsu a wani wuri da ba cikin gidan ba. Kayan da ke da daraja sosai, irin su gwal da agogo masu tsada, akwai iyakar abin da ake biya a kan kowane ɗaya sai in an ambace shi da sunansa da ƙimarsa a cikin takardar, wani lokaci ma sai an sharɗanta a ajiye shi a akwatin ƙarfe da aka kafe a bango ko ƙasa. Ka kuma tambayi nawa ne kason farko na kowace asara da kai za ka ɗauka kafin kamfanin ya fara biya, da kuma kwana nawa aka ba ka ka sanar da su idan wani abu ya faru. In sata ce, za su nemi rahoton ’yan sanda, kuma kada a gyara ƙofar da aka ɓalle sai an ɗauki hotonta.